Ɗan Dambe a Cikin Murjani

Zuwa ga ƙanin uwargidana, masanin halittun teku,

Gaisuwa mai ƙamshi, wadda ta fi ruwan tankina tsarki, tare da fatan kana lafiya, kai da kifayen shagonku. Ka gafarce ni da na kutso cikin aikinka ba sallama. Murna ce ta fi ƙarfin ƙirjina.

Ka san Yayarka ta tafi zaman jegon 'yarmu, ta bar mini amanar 'Yar Gwal, kifinta rawaya da ke tankin falo. Don in ba ta mamaki na sayo wani dutsen teku mai ramuka, na saka shi tsakanin murjani nan take, ban tsaya killace shi a bokiti kamar yadda ka sha faɗa mini ba. Sai na fara jin ƙas! ƙas! kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ina kuma tarar da ɓawon dodon koɗi a farfashe a gindin dutsen.

Jiya da hantsi na gan shi! Jatan lande ne, kore da ja da shuɗi, idanunsa a kan tsinke, kowanne na juyawa inda ya ga dama. Nan take baiti ya zo mini:

Ya kai mai rigar bakan gizo,
Wa ya aiko ka falona ka zo?

Shin zai zauna lafiya da 'Yar Gwal? Ina jiran bushara.

Naka, mijin Yayarka.

*

Mijin Yaya,

Ina gaisuwa. Waya na aljihunka, amma sai ka sa ni neman biro!

Ka ajiye waƙa tukuna. Baƙon nan naka ɗan dambe ne. Da naushi yake fasa katantanwa, kuma babban yatsanka bai fi ƙarfinsa ba, don haka kar ka kai hannu. Ba ya cin murjani, sai dai ya ture shi idan yana gyaran gida. Amma ƙaramin kifi irin na Yaya, ranar da yunwa ta kama shi, shi ke nan.

Ka haɗa masa tanki daban, ruwa da gishiri daidai da na babban. Ka sa safar hannu mai kauri, ka ɗauke dutsen da shi a ciki. Amma ka ji da kyau: ba rami ɗaya gare shi ba. Kar ka ɗaga dutsen sai ka ga idanunsa a bakin ramin.

In wani abu ya sami kifin nan, ban san ka ba, ba ka san ni ba.

Ƙaninka.

*

Ƙanina mai albarka,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, albishirinka! Na kwashe littattafan waƙoƙina daga kan kanta, na kafa masa gidansa, ƙaramin tanki, a wurin. Na zauna jiran idanun nan har ƙafata ta yi sanyi, sai na ce a raina: mai gida ai yana inda ɓawon abincinsa yake. Na ɗauke dutsen na saka a sabon tankin. Yanzu kullum ina karanta masa baitoci, yana saurare cikin natsuwa irin ta manya. Abincin da nake jefa masa ma bai taɓa ba, don kunya.

Naka cikin farin ciki.

*

Ƙanina,

Gaisuwa a tsaye. Ashe dutse nake yi wa waƙa! Yau da azahar ina tsakiyar baiti, sai ƙas! daga bayana. Na waiwaya, ga idanun nan a ƙarƙashin murjani a babban tanki, 'Yar Gwal na wucewa ta saman kansa. Ban san lokacin da na fizgi raga na kamfato ta ba, hannun rigata sharkaf, na zuba ta a ƙaramin tankin.

Tana nan lafiya, har ta ci abinci. Shi kuwa ya mallake falo da murjani gaba ɗaya, kuma wallahi ya yi kyau a wurin!

Sai dai Yayarka na dawowa ƙarshen mako. A fada ta bar 'Yar Gwal, a ɗakin haya za ta same ta. Ka rubuto mini da gaggawa, tun kafin ta sauka: wa zai fara yi mata bayani, kai da kuka sha nono ɗaya, ko ni da ba ni da wurin gudu?

Naka, mai jiran amsa a bakin ƙofa.