Rasuwar Malam Sha'aibu Urno, Kwana Tara Kafin Ranar Gwaji

Cikin alhini mai nauyi da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Iyalan Ɗaurarru ta Adar, mai rassa a Madawa da Buza da Keita, tana sanar da masu martaba sarakunanmu, da shehunan malamanmu, da masu girma shugabannin mulki da na shari'a, da sauran jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda sunka kafa ta, Malam Sha'aibu Abdallah Urno, wanda Allah Ya yi ma cikawa da hantsin Talatar makon jiya, a ɗakin jinya na gidan kason da ya share shekara goma sha ɗaya a ciki, bisa laifin kisan kai da bai taɓa amsawa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar duniya yana da shekara hamsin da huɗu, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana cin shi.

Ga wanda bai san marigayin ba, manomi ne, hatsi da wake a Urno da damina, albasa a fadamar Sabon Gida da rani. Wata safiya ya sauka garka ban ruwa, ya iske maƙwabcinsa kwance cikin jini a bakin rijiya, rai ya yi halinsa. Sai ya yi abin da duk wanda ya tashi a garuruwanmu zai yi ba tare da ya tsaya shawara ba: ya rufe ma mamacin ido, ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, kana ya tafi kiran mutane. Da jandarmomi sunka iso, jini na hannunsa da rigarsa, ga shi kuma kowa ya san sun yi cacar baki kan iyaka a cikin makon. An samu wani baƙin rawani mai jini damƙe a hannun mamacin, shaidu biyu sunka rantse na Malam Sha'aibu ne, sai ka ce akwai magidanci a Adar da bai da baƙin rawani. Tun daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa magana ɗaya yake maimaitawa, cewa mamacin ya yi kokawa da wanda ya kashe shi, jinin da ke jikin rawanin na makashin ne, shi kuwa Malam Sha'aibu ko ƙwarzane ba a gani a jikinsa ba.

A shekararsa ta huɗu a kaso ya ji a rediyo cewa akwai gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake ce ma ADN, da ke iya bambanta jinin mutum da na wani ko da ya bushe shekara da shekaru. Daga nan Malam Sha'aibu bai sake zama ba. Shi ya bi ɗaurarru ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda shari'arsa ta rataya ga riga, ko wuƙa, ko zane da ke ajiye a ma'ajin kotu, har ya tara sunaye goma sha huɗu daga Madawa da Buza da Keita. Da ajami yake rubuta koke, ni mai wannan sanarwa nake karɓa ranar ziyara in kai a mai da shi Faransanci. Wanda bai iya karatu ba ya karanta mishi, wanda ya ɗebe tsammani ya zaunar da shi ya ba shi magana. An sha ba shi shawara ya amsa laifi ya roƙi sassauci ko ya samu ya ga gida, ya ce ba zai sayi fita da ƙarya ba, tunda ɗiyarsa za ta gaji sunan.

Shekara bakwai muna kai takarda ana maido mu. Yau a ce fayil ɗin na wani gari, gobe a ce an yi ma alƙalin sauyi, jibi a ce ba a san wanda ya dace ya sa hannu ba. Ba mu ɗora ma kowa laifi a nan, amma wallahi mun gaji, kuma ba za mu ɓoye gajiyarmu don muna cikin makoki ba. A ƙarshe, da taimakon Allah da naci irin na lauyarmu, Malama Fatiha Yasin, kotu ta yarda a gwada rawanin, anka sa ranar da ma'aikacin gwaji zai zo ya shafi cikin kumatun Malam Sha'aibu da ɗan auduga. Aikin da bai kai tsawon alwala ba. Saura kwana tara ajali ya riga shi.

Abin da ya biyo baya ya zama dole mu faɗe shi a bainar jama'a, don kada ya sake faɗa ma wani gida. An yi ma marigayi sutura a ranar, yadda addini ya tanada, aka miƙa ma mai ɗakinsa, Malama Suwaiba, kayansa a cikin buhu: riguna biyu, hula, bargo da asuwaki. A cikinsu akwai gumi da gashi da yawun da, in ji lauya, da an rufe buhun gaban shaidu, da akwai fatan su tsaya a madadinsa. Ranar sadakar uku mata sunka taru sunka wanke kayan tas da sabulu, kamar yadda ake ma kowane mamaci, anka ba wanda ya yi mishi wanka riga ɗaya, anka rabar da sauran sadaka, asuwakin kuwa ya bi shara. Malama Suwaiba ba ta yi kuskure ba, ta girmama mijinta ne da abin da ta gada. Mu munka yi kuskure. Muna zaune a zauren, mun san darajar abin da ke cikin buhun, kunya ta hana mu aika ma mace mai takaba cewa kada ta taɓa kayan mijinta, munka ce sai bayan addu'a. Kafin a shafa fatiha riguna na shanye a kan danga. Maganar tone kabari kuwa iyali ba za su yarda ba, mu ma ba za mu roƙe su ba.

Saboda haka ƙungiya tana kira, cikin ladabi, ga masu girma shugabannin shari'a da su dubi mutum goma sha ukun da sunka rage, su sa a ɗauki samfurinsu tun suna numfashi, a kuma killace kayan shaida daga gara da yoyon damina. Muna roƙon limamanmu su sanar a masallatai cewa jinkirta wankin kayan ɗaurarren da ya rasu yana neman gwaji ba wulaƙanci ba ne gare shi.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama Suwaiba, da ɗiyarsa tilo Hamdiya, da dangi, da mai girma hakimin garinsu, da abokan zamansa na kaso. Allah Ya jiƙan Malam Sha'aibu, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi, Ya bayyana gaskiya ko bayan ransa.

Hanya ɗaya ta rage. Lauya ta shaida ma iyali cewa samfurin ɗiya na iya nuna ko jinin rawanin na mahaifinta ne ko ba nashi ba, sai dai izinin da anka bayar da sunan marigayi ne, ya faɗi da faɗuwarsa, dole a soma sabon koke daga tushe. Hamdiya, wadda ke da shekara takwas ranar da anka tafi da babanta, wadda ta girma ana nuna ta a bakin rijiya ana cewa ɗiyar mai kisa, ta tambaye mu tsawon lokacin da abin zai ɗauka. Ba mu yi mata ƙarya ba, mun ce babanta ya jira shekara bakwai bai gani ba. Ta ce a kawo takardar, ta dangwala mata yatsa tana zaune a kan tabarmar makoki.

Sa hannu:
Alhaji Nazir Mahaman Buza,
Kakakin Ƙungiyar Iyalan Ɗaurarru ta Adar,
a madadin shugaba da dukkan mambobi,
Madawa, Jihar Tawa.