An Ɗauke Motar Asibitin Tarrabin

Tarrabin, watan Maris

Ƙanena Murray,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Solveig da yara, kuma sanyin Kanada bai sake tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana zuri'a. Mu ma muna nan, da sauƙi. Zafi ya fara ja da baya, amma har yanzu ko yayyafi ba mu gani ba, tumaki sai abincin saye. Mijina Keith yana shan maganin hawan jininsa idan na tsaya a kansa. 'Yarmu Bronte ta sauka lafiya a Perth, an samu namiji, kuma sun sa masa sunan Yaya Des. Na je na gan shi, kunnuwan gidanmu ya kwaso sak.

Na san ka kalli jana'izar Yaya ta waya, kuma ka sha tambayata yadda abin ya faru ina ce maka sai an kwana biyu. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro. Akwai kuma wata magana a ƙarshe da ke jiran amsarka.

Lokacin da ka bar garin nan, masu aikin sa kai a motar asibiti sun fi ashirin, har gardama ake yi a kan wanda zai tuƙa. Yanzu gonaki sun tattaru a hannun mutane kaɗan, banki ya rufe, makaranta ta koma aji biyu. Samarin da suka rage suna arewa wurin haƙar ƙarfe, su yi makonni can, su dawo gida a gajiye su yi barci. A bara mu uku muka rage: ni, da Rhonda mai gidan waya, da Wade ɗan gidan Kowalski, wanda shi ma rabin rayuwarsa a arewa take. Kuma ka san ƙa'ida, motar ba ta fita da mutum ɗaya, dole wani ya tuƙa wani ya zauna da mara lafiya.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar girbin alkama ne, farkon Disamba, rana ta take. Rhonda ta tafi Perth a duba mata ƙugu, Wade yana arewa, don haka tun da safe na sanar da ofishin motocin asibiti cewa yau garinmu ba mota. Ina kicin ina haɗa wa ma'aikata abincin rana sai ga wayar Coral, matar Yaya. Ba ta ko gaishe ni ba, ta ce, "Glenys, yayanki ya faɗi. Ya sauko daga injin girbi ya ce ƙirjinsa, ya zauna a gindin taya, ina magana ba ya amsawa." Ta riga ta kira lambar gaggawa. An ce mata motar garin da ke kusa da mu ta fita da wani da ya yi hatsarin babur, wadda za a turo kuwa sai ta yi fiye da awa a hanya.

Na ruga da gudu na buɗe garejin, na tayar da motar, sannan na bi titi ina neman direba. Kowa yana gona. A mashaya na tarar da wasu direbobin manyan motoci suna cin abinci, na ce wa zai tuƙa ni gonarmu ta Tonkin. Suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Anti, ni fa na sha kwalba biyu, in na ɗauke ki sai dai a zo a kwashe mu gaba ɗaya." Wani ya ce ko akuya ya ga an yanka jiri yake ji. Wadda ta fito ita ce Marisol, 'yar Filifin ɗin nan da ke aiki a kantin Haines. Ta ji ihuna daga tsallaken titi, ta zo da rigar aikinta ta ce, "Ban taɓa jan babbar mota ba, amma ki nuna min inda ake takawa." Haka muka tafi, tana tuƙi tana addu'a da yarensu.

Mun tarar da Coral a durƙushe cikin karan alkama tana danna masa ƙirji, wayar tana ƙasa wata murya tana ƙirga mata. Ta rufe masa fuska da hularsa don rana. Na manna masa na'urar farfaɗo da zuciya, ba ta sami abin da za ta tayar ba. Muka ci gaba da dannawa, in na gaji Coral ta karɓa, in ta gaji Marisol ta karɓa. Murray, da kunnena na ji haƙarƙarin Yaya yana karyewa a ƙarƙashin hannuna, kuma ban tsaya ba, don haka aka koya mana. Ban san zuwan ɗaya motar ba sai da ma'aikacinta ya dafa kafaɗata ya ce, "Mama, ya isa haka." Daga baya likita ya ce mana wataƙila ko da mun iso da wuri ba abin da zai canja. Wataƙila ya ce. Kullum sai na juya kalmar nan a raina.

Ba zan ce maka mutanen garin nan ba su da kirki ba. Bayan an binne shi, maƙwabta suka bar nasu girbin suka shigo da injinansu, cikin yini ɗaya suka kwashe alkamar Yaya tas. Ɗansa Callum kuma ya buɗe asusun taimako a intanet daga Melbourne, da hoton babansa, don motar asibitin Tarrabin. Mutanen da ba su taɓa jin sunan garin nan ba suka yi ta turowa, har aka sayi sabuwar na'ura da gadon ɗaukar mara lafiya mai ɗaga kansa. Da a ce irin yadda muka saba ne, gasa nama mu sayar a ƙofar kanti ranar Asabar, sai mun shekara biyar ba mu tara ba.

A watan Janairu muka kira taro a zauren gari don neman sababbin hannu. Zaure ya cika, mata sun kawo kek, an yi ta yabon Yaya. Wata mata daga ofishin Perth ta tashi ta yi bayanin horon: watanni ana zuwa ƙarshen mako, da jarrabawa, sannan kwanan jiran kira. Tana zama kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofin shayinsa. Wade ya fusata ya ce, "Latsa waya dai kun iya. To gadon nan da kuka saya shi zai tuƙa kansa zuwa gona?" Sai Trent, wanda ya gaji gonar Moyle, ya miƙe. Ni ya kalla, ba Wade ba. Ya ce, "Anti Glenys, gonar da gida biyar suke nomawa a da, ni kaɗai nake nomanta yanzu. Matata tana aiki a wani gari, yara uku a hannuna, ina cikin 'yan kashe gobara, ni ne kuma nake koya wa yara ƙwallo. Wace rana ce ta rage? Ki faɗa min in ba ki." Gaskiya kuwa ya faɗa. Mutum ɗaya ce ta ba da sunanta, Marisol, ita kuwa takardun zamanta za su ƙare kafin ta gama horon.

An yi wa Rhonda aikin ƙugu, likita ya hana ta ɗaukar nauyi har abada. Ni na kusa saba'in. A watan jiya aka turo mutum biyu suka tafi da motar zuwa garin gaba, da sabuwar na'urar da sabon gadon a ciki. Sun yi min ladabi ƙwarai, har suka ce in tsaya a yi min hoto da ita. Na ƙi. Amma mutane ba su daina kiran gidana ba. Makon jiya ma tsohon Haines ya yanke hannu da zarto, na naɗe shi da tawul na kai shi asibiti a motata, Keith yana ta faɗan jinin da ya ɓata kujera.

Yanzu ga maganar da na ce. Coral tana so a sayar da gonar, kuma ka san Baba ya bar mana ita mu uku ne, sai da yardarka. Kamfanin da ya saye gonakin yamma da mu ya zo ya taya. Ba sa zaunar da iyali, manaja ne yake zuwa daga nesa ya duba ya koma. Na yi mata gardama sosai, na ce in muka sayar mun ƙara rage garin da gida ɗaya, mu da muke kukan ba mutane. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Glenys, ina danna ƙirjinsa ina kallon hanya, ko ƙura ba ta tashi. Ba zan tsufa ina kallon hanyar nan ba." Callum ya ce ba zai dawo noma ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na amince. Saura kai, kuma suna son amsa kafin ruwan shuka ya sauka.

In kana son ka sake ganin gidan da aka haife mu, ka yi ƙoƙari ka zo kafin watan Mayu. Na leƙa gidajen da suka riga suka saya. Sukan cire ƙofofin ciki su jibge buhunan taki a ɗakunan kwana.

Ka gaishe min da Solveig da kyau, ka ce mata na ga katin ta'aziyyarta, na gode. Ka gaishe da Anders da Freya, ka ce Goggonsu tana so ta ji muryarsu. Keith da Bronte da Coral duk suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Yaya, mu kuma ya sa mu gana da alheri.

Yayarka mai kewarka,
Glenys