Biskit ɗin Baftismar Effie

Greenock, 3 ga Mayu, 1956

Zuwa ga Gwaggo Ishbel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Bayan haka, na sauka lafiya. Mace ce, muryarta ta fi jikinta girma, hancinta kuwa na Baba ne sak, ko ya so ko ya ƙi. Mun sa mata sunan marigayiya Mama, Effie.

Lahadi ta sama za a yi mata baftisma a cocin su Manus, mijina. E, na Katolika, ba sai kin goge tabarau kin sake karantawa ba. Ke ke riƙe da gidan ƙaninki tun rasuwar Mama, don haka ke zan gaya wa abin da na ƙudura. Zan shafa wa biskit biyu man shanu, in sa sisi a tsakani, in naɗe a farar takarda, yadda Mama ta yi ranar tawa baftismar. Kin san ƙa'ida: in jaririya mace ce, namijin da aka fara cin karo da shi a hanyar coci shi ake miƙa wa, ya karɓa, ya ɗan taka mata. To, ta kan tudu zan bi, ta ƙofar gidanmu, daidai lokacin da Baba ke fita zuwa nasa cocin.

Tun da na auri ɗan Katolika mai tallan kwal a keken doki Baba ke cewa ba shi da 'ya. Na shanye wannan. Amma ba zan shanye a ce ba shi da jika ba.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Elspeth

Greenock, 7 ga Mayu

Zuwa ga Elspeth,

Na gode wa Allah da ya raba ku lafiya. Ga 'yar hula na saƙa, kada ki wanke ta da ruwan zafi.

Yanzu ki buɗe kunne. Taurin kan nan naki na Galbraith ne, na san shi, na kwana na tashi da shi shekara sittin. Ubanki dattijon coci ne, shi ke zagayawa da farantin baiko ana zuba sadaka, rabin matan kan tudu a kantinsa suke yankan yadi. Kina so ya tsaya a titi, idon duniya a kansa, ya sa hannu a hidimar Fadan Katolika? Kuma kin manta abin da ake cewa? In aka miƙa biskit aka ƙi karɓa, rashin sa'a ce ke bin yaro har girmansa. Ni ban ce na yarda da camfi ba, amma ba zan gwada shi a kan jinina ba. Ki ba mai madara, ya ci ya gode.

Na karanta masa takardarki yana shan shayi. Ya ajiye kofi ya ce, “Ishbel, wa ya ce ki karanta min wasiƙar baƙi?” Can kuma ya ce, “Effie, ko?”

Kada ma ki wahalar da ƙafarki. Ya rantse ran nan ba zai taka ƙofar gaba ba. Ta baya zai fita, ta lungun da ake shigo da kwal, da ƙarfe goma da rabi. Mutumin da tun da aka gina gidan bai san launin wannan ƙofa ba. Ina gaya miki ne kawai don ki haƙura.

Ki gai da mijinki, tunda dai ya zama dole.
Gwaggonki, Ishbel Galbraith

Greenock, 14 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Hula ta zauna mata ɗas. Na san Baba ba zai ba ki labarin jiya ba, kuma na ga labulen ɗakinki yana motsi, to ga abin da bai kai kunnenki ba.

Kin manta wa na aura? Manus bai taɓa shiga gidan kowa a kan tudu ta ƙofar gaba ba, amma babu lungun baya da bai sani ba kamar tafin hannunsa. Shi da ƙannensa suka wuce gaba suna share min hanya don kada wani namiji ya riga Baba. Tsoho Hughie mai gyaran bututu ya hango farar takarda ya taho yana lasar baki. Manus ya ce, “Hughie, juya ka kalli bango, akwai mai ita.” Ya ce, “Haba ɗan Devlin, ko ƙamshin ba za a bar ni in ji ba?” Haka ya tsaya fuska a bango yana ƙunƙuni har na wuce.

Ina tsaye gefen kwandon shara ƙofa ta buɗe. Ga Baba da baƙar hula da littafin waƙoƙi, yana sanɗa kamar mai gudun ’yan sanda. Gwaggo, ya tsufa. Na miƙa masa takardar, ban kuma janye hannu ba.

Na ce, “Baba, kai ne namijin farko.”

Ya ce, “Wannan ba haɗuwa ba ce, kwanton ɓauna ne.”

Na ce, “Ko ma mene ne, ga shi. In za ka ƙi, ka kalli fuskarta ka ƙi. Ni ka saba ƙina, ita ba ka fara ba tukuna.”

Ya dubi Manus ya ce, “Kai ka kitsa wannan?” Manus ya cire hula ya ce, “Ranka ya daɗe, ni hanya kawai na sani.”

Effie ta tsala ihu. Baba ya leƙa cikin mayafi, ya daɗe yana kallo, na san hancin ya gani. Sai ya fizge takardar ya cusa a aljihun kwat. Ya taka mana har bakin lungu. Mu muka yi hagu, shi ya yi dama. Na yi kuka a hanya, ba kuma na nadama ba.

Na gode da kika gaya min don in haƙura.
'Yarki, Elspeth

Greenock, 18 ga Mayu

Zuwa ga Elspeth,

Bayan gaisuwa. Man shanu ya narke min a aljihu ana tsakiyar wa'azi, na zagaya da faranti da tabo a kwat, kowa ya san daga inda ya fito. Da aka tambaye ni na ce na jikata ne. Ban saba ƙarya a coci ba.

Ra'ayina game da cocin nan da auren nan yana nan inda yake. Amma lungun shara ba wurin da za a kai jinin Galbraith ba ne. Ki kawo yarinyar ran Laraba da la'asar, ta ƙofar gaba. Ke da ita.

Mahaifinki, Lachlan Galbraith

Greenock, 20 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, na kuma yi murna da ganin hannunka. Kwat ɗin, a sa takarda a kai a bi da dutsen guga mai ɗumi, zai fita.

Mu uku ne. Ran Laraba Manus zai wanke hannu, ya ɗauko ’yarsa, shi zai ƙwanƙwasa ƙofar gaba. In an buɗe, mu shiga tare. In ba a buɗe ba, mu juya tare, kwal ɗinka kuma zai iso ta baya ran Alhamis kamar kullum.

A gaya wa Gwaggo ta fito da kofi huɗu.

'Yarka, Elspeth Devlin