Sai da Kuka

Yendi, 3 ga Maris, 1988

Yaya Atikatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da yara da kasuwar Bawku kuna lafiya.

Baba ne ya sa na rubuto. Tun arba'in ɗin Mma ba ya cin abin kirki. Loma biyu, sai ya ture kwano. Rigarsa har ta yi masa yawa. Jiya ya ce da zai samu miyar tumatir irin ta Mma, da ya ci. Kin san lokacin da kike koyon girki a gefenta ni ina makarantar kwana. Don Allah ki rubuto min yadda ake yin ta, ki ba direban lori. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarki,
Zuwera

Bawku, 11 ga Maris

Malama Zuwera mai boko,

Muna lafiya. Ashe akwai abin da ba a koyar muku a makarantar ba.

Ki samu tumatir jajaye da suka nuna sosai, ki gasa a kan garwashi har fatar ta tsage, ki ɓare. Ki niƙa a dutse da citta da tattasai kaɗan, kada ki kai inji. Ki niƙa albasa daban. Ki soya da man kaɗanya har man ya taso sama, sannan daddawa da busasshen kifi. Kuma kada ki manta maganar Mma, miyar nan sai da kuka.

Ga rabin buhun albasa nan daga rumfata. Ki ce wa Baba in bai ci ba zan zo da kaina, ya san bakina.

Atikatu

Yendi, 19 ga Maris

Zuwa ga Goggo Salimatu a Salaga,

Ina gaishe ki da ladabi, Allah ya ƙara miki lafiya.

Goggo, ke da Mma uwa ɗaya ta koya muku girki, shi ya sa na kawo ƙara wurinki. Ga takardar Yaya na haɗo. Na bi ta tiryan-tiryan, na kaɗa garin kuka ludayi guda. Miyar ta fito ba ja ba, ba kore ba, ga yauƙi. Baba ya leƙa, ya rufe kwanon, ya ce Allah ya yi min albarka. Ko ɗanɗanawa bai yi ba. Kunya ta hana ni gaya wa Yaya.

'Yarki,
Zuwera

Salaga, 27 ga Maris

'Yata Zuwera,

Ina amsawa. Allah ya ba ki ladan jinya.

Da maƙwabciyata Azara ta karanta min, na yi dariyar da rabona da ita tun rasuwar 'yar'uwata. Ki yafe min.

Ba kukar miya ba ce, kukan ido ne. A baki ba a ruɗa su, takarda ce ta mai da su ɗaya. Uwarmu ba ta ƙirga albasa. Takan ce ki durƙusa a kan dutse ki yi ta niƙa, in hawaye ya sauko har haɓa, to albasar ta isa. Ma'auninmu ke nan tun daga kakarmu. Ita kuma yayarki, mai sayar da albasa guda, ta kasa ƙara layi ɗaya ta yi miki bayani.

Ki sake ɗora tukunya. Kada ki goge fuska sai kin gama.

Goggonki,
Salimatu

Yendi, 4 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Goggo za ta ba ki labarin shirmen da na yi da kukarki, ki yi dariyarki, na yarda.

Na sake yi ranar Juma'a. A albasa ta huɗu hawaye ya kai haɓa. Na daina niƙa, amma shi bai daina ba. Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba sai ranar, a kan dutsen Mma.

Da na kai wa Baba, ya daɗe yana kallon idona. Ya ce haka uwarku take fitowa daga madafa. Sannan ya wanke hannu. Ya cinye tuwon tas, ya suɗe kwano, ya tambaya ko da saura.

Na gode, Yaya. Ki ƙaro albasa.

Taki,
Zuwera