Sandar Baba a Bakin Gulbi

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Hadiza da yara? Mu a Gwadangaji lafiya lau.

Saƙo na yawo a wayoyi cewa za a saki ruwan dam. Na bincika, gaskiya ne. Jiya a Argungu na tarar ana musu a majalisar Baba. Ya ce, "Ƙaryar 'yan siyasa ce, Sani. Ni sandata nake dubawa," wato wadda yake kafawa bakin gulbi don auna ruwa.

Na je na duba. Ruwa ya shanye rabinta, shinkafarsa kuwa tana fadama, ya ƙi yankewa.

Don Allah ka kira shi yau, maganarka yake ji. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Sani