Wace Ce Ta Shayar da Hafsa

Litinin, 6 ga Oktoba 2025
Autata Balkissa ta kawo mini kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik. Wai lokotoro a asibiti ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum, ko layi guda, don kan ya riƙa motsi. Duk don ran nan na fito daga masallaci na tsaya ina neman kwanar gidanmu. Rana ce ta yi zafi, shi ke nan. Na ce mata ni ban shiga lakwal na yi boko ba, ɗan ajamin da na tsinta a allo ne kawai, kuma duk mutanen garinmu da ke Yamai kaina ne littafinsu. Ba ta yi gardama ba, ta ajiye ta fita. Irin shirun uwarta, Allah ya jiƙanta. Shi ya sa na ɗauka.

Talata, 7 ga Oktoba
Na sha koko. Na rubuta. A ƙyale ni.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Laraba da Alhamis ban taɓa shi ba. Da na buɗe na ga wurinsu fari, sai na yage. Na haɗa da shafin da hannuna ya karkace. A allo in ka ɓata sai ka wanke, ba mai ganin kunyarka. Takarda ba ta wankuwa.

Asabar, 18 ga Oktoba
Harouna tela ya rufe shagonsa a Babbar Kasuwa ya zo har unguwarmu Banifandou. Ɗansa Dauda na neman Hafsa, marainiyar nan da aka haifa a tsohon gidan hayarmu, wadda uwarta ta rasu kafin suna. Kafin dangin ubanta su zo su tafi da ita garin Tawa, wata mata a gidan ta shayar da ita. Yanzu an fara ƙishin-ƙishin wai matar Harouna ce. In haka ne yaran sun sha nono ɗaya, aure ya haramta. Matar tasa ta rasu, shi kuma lokacin yana Kwatano. Ya ce, Baba, abin da ka faɗa shi za a bi, kamar kullum.
Na buɗe baki. Ina ganin tsakar gidan, ina ganin randa da igiyar shanya, har kukan jinjirar ina ji. Fuskar matar ce babu. Na ce ya dawo ran Juma'a, wai kaina na ciwo.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Tsohon banza. Abu guda aka san ka da shi.

Laraba, 22 ga Oktoba
Balkissa tana shara ta tsinci yagaggun shafuka a ƙarƙashin tabarma. Ta ɗaga kayen ta ce ya rame fiye da ni. Na daka mata tsawa, ban kyauta ba. Ta zauna a bakin tabarma ta tuna mini lokacin da take koyon tuwo: in ta yi gudaji, ni ke fara sa hannu in ce a bar yarinya, gobe ma rana ce. Ta ce, “Baba, kai kaɗai ne ba ka yi wa wannan adalcin.” Ta ce ranar da ban rubuta ba in bar ta fara, ita ma ranata ce.
Yaran yanzu da baki.

Alhamis, 23 ga Oktoba
Gobe Harouna zai dawo. Shaiɗan na ta raɗa mini in ce ba su sha ba, wa zai ƙaryata ni? Yaran na son juna, an ce Dauda har ya daina cin abinci. In na ce sun sha kuma ba haka ba ne, na raba su a banza. Duk inda na karkata zan tsaya gaban Allah da shi.
Bari in gwada a nan, inda ba mai gani: ban tuna ba.
Na rubuta. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Hannuna ya kai ga shafin zai yage, na zauna a kansa.

Juma'a, 24 ga Oktoba
Na faɗa wa Harouna da bakina: ban tuna ba. Na zaci zai sunkuyar da kai don kunyata, sai kawai ya tambaya ko akwai wanda ya rage daga gidan. Akwai. Habsatu mai ƙosai, tana unguwar Kirkissoye, ƙetaren kogi, wajen ɗanta. Tun muna haya ba ma shiri, ita ce kullum ke gyara mini labari a gaban mutane.

Lahadi, 26 ga Oktoba
Mun haye gada a taksi, ni da Harouna da Balkissa. Habsatu ta makance, amma daga sallama ta gane ni. Ta ce yau wace rana, mai kan littafi ya zo aro. Na haɗiye. Da Harouna ya gama bayani ta yi dariya har da tari.
“Malam Abdu, a ɗakinka fa aka yi. Matarka Halimatou ce. Balkissa a dama, marainiya a hagu. Kai kuma kana ta mita a tsakar gida wai ba a dama maka fura a kan lokaci.”
Ta ce matar Harouna lokacin nononta ma bai isa ɗanta ba. Sai abin ya dawo mini gaba ɗaya, har zanen da take ɗaurawa mai ruwan bula. Na ce wani abu ya faɗa mini a ido. Habsatu ta ce ita ba ta gani, in yi abina.
Ita ma ta manta sunan uban yarinyar da unguwarsu a Tawa. Ni na ba ta. Ta ce to, a haɗa ni da ita a samu tsoho guda mai hankali.
A taksi Balkissa ta yi ta maimaita cewa ashe tana da 'yar'uwa. Harouna bai bari mun sauka daga gadar ba ya buga wa Dauda waya.

Lahadi, 2 ga Nuwamba
An sa rana, bayan ƙaramar salla. Hafsa ta zo gaishe ni, ta ce Baba, ba irin Baban da kowa ke ce mini ba. Tana son jin labarin matar da ta shayar da ita, na ce zan riƙa ajiye mata a nan kaɗan-kaɗan, abin da ya zo. Wanda bai zo ba a tambayi makauniyar can.
Shafukan makon nan duk farare ne. Na bar su. Ba don maganar Balkissa ba, kayen ne ya rame da yawa.
Halimatou takan yi ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa in tana tsince shinkafa. Waƙar ta ɓace mini. Ba komai. Na bar mata layi biyu.