Tsibiri na Ƙarshe a Taswirar Salamatou

Saint-Denis, Maris

Zuwa ga 'yata Raliatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Lyon. Na kammala aikin da kika ba ni a gidan adana tsofaffin takardu na Paris. Na kwafo sunayen tsibiran Tafkin Chadi kamar yadda Faransawan farko suka rubuta su. Akwai tsibirin da na samu da rubutu iri huɗu, har na tausaya wa masuncin da aka yi ta tambaya.

Sai dai ɗan tsibirin nan na arewa ba ya cikin kowace tsohuwar taswira, domin bayan janyewar ruwa ya fito. Kin ba da shawarar a sa masa sunan Salamatou, tunda ita ta fara wannan taswira kafin rasuwarta. Na gode, amma ban amince ba. Salamatou 'yata ce ta cikina, ke kuma abokiyar aikinta, kin san ƙa'idarta: mai taswira ba ya raɗa suna, tambaya yake yi, kuma sai shaidu biyu sun tabbatar. In ba a samu ba, a buga shi babu suna.

Allah Ya yi miki albarka.
Abdulhamid Ladan

Lyon, Afrilu

Baba,

Ina kwana, ina gajiya? Wallahi taurin kanku ɗaya da ita. Masu maɗaba'a sun matsa mini, ni kuma ba na son taswirarta ta fita da gurbi.

Ranar Lahadi na je bikin suna a Saint-Fons, nan kusa da Lyon, aka haɗa ni da wani Daouda, ma'aikacin masana'anta, wanda yayansa ke kamun kifi a tafkin. Nan take ya kira shi a waya. Da na kwatanta wurin, yayan ya kama dariya. Ya ce, "Ai Takalmin Malama kike nufi." Wai wata malama ce daga Faransa ta zo tana tambayar sunaye, ta ƙi a ɗauke ta daga kwalekwale, ta dira da kanta, taɓo ya haɗiye mata takalmi ɗaya. Ta ce a bar shi, kuɗin shiga ne. Daouda ya ce, "Malamar nan taku, da ƙafa ɗaya ta koma Paris?"

Baba, na yi dariya, na yi kuka. Amma shaida ɗaya ke gare ni, kuma na san halinku.

Taku,
Raliatou

Saint-Denis, Afrilu

'Yata Raliatou,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Ni na saya mata takalman nan a unguwar Goutte d'Or, bayan doguwar gardama, domin ta ce na tsofaffi ne. Da ta dawo ban gan su a ƙafarta ba, na tambaye ta, ta ce mini suna nan lafiya. Yanzu na fahimci rabin gaskiya ta faɗa.

Jiya na buɗe akwatinta, abin da na kasa yi tun ranar jana'iza. Shaida na biyu yana ciki, ɗayan takalmin, na ƙafar hagu, da busasshen taɓo a jikinsa. Ba ya magana, amma na karɓi shaidarsa.

Ki rubuta sunan yadda masunta suke faɗarsa. Ki gaishe mini da Daouda, ki shaida masa cewa da silifas ɗin aro ta dawo.

Babanki,
Abdulhamid Ladan